Kukan Kurciya a Allon Kwamfuta: Abin da na Gani a Gwarzo da Kabo

Makonni uku da suka wuce na je gida Gwarzo ɗaurin aure. Bayan an shafa fatiha sai na biya ta shagon ɗan yayana, wanda ya gama difloma ya gaji da jiran aikin gwamnati, ya kama ɗan shago yana buga takardu da fotokwafi da cike wa mutane fom ta intanet. Na iske shi gumi ya jiƙa masa riga. Ga wani dattijo daga wani ƙauye na ƙasar Kabo zaune a kan benci tare da 'yarsa, sun zo biyan kuɗin rajistar makaranta, ranar kuwa ita ce ta ƙarshe kafin a rufe. Dattijon na riƙe da katinsa na banki, yana kallon allon kwamfuta kamar mai sauraron hukuncin alƙali.

"Baffa, tun safe abin nan ya ƙi," in ji yaron. "Jiya da dare na bar antibairos ta sabunta kanta. Yau kowane shafi na buɗe, sai wannan gargaɗin ya tare ni." Ya riga ya buga wa wani abokinsa mai gyaran kwamfuta a birni waya, ya kuwa ba shi zaɓi biyu: ko ya kashe antibairos ɗin gaba ɗaya, ko ya danna wani maɓalli a ƙasan gargaɗin ya wuce abinsa. Hannunsa na kan hanyar na biyun na ce ya dakata.

Ni ba injiniya ba ne, harshe na karanta, shi nake koyarwa. To amma duk wanda ya shekara ashirin yana rubutu da kwamfuta ya sha wannan ɗacin, kuma abin da na gani a ranar ya tabbatar mini da cewa rabin matsalar ta na'ura ce, ɗaya rabin kuwa ta harshe ce tsantsa. Bari in fara da ta na'urar, domin ba ta da wuyar fahimta kamar yadda masu gyara ke nunawa.

Mai karatu ya san yadda ake samun takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Mai unguwa ya shaide ka, dagaci ya shaidi mai unguwa, hakimi ya buga hatimi, sannan sakatariya ta amince domin ta san hatimin hakimi. Haka burauza, wato manhajar da muke buɗe shafukan intanet da ita, take yi. Duk shafin da adireshinsa ya fara da https yakan miƙo takardar shaida, burauza kuma ta bi sa-hannun da ke kanta daki-daki har ta kai ga wani babban hatimi da ke cikin kundinta. In ta kai, sai ta ƙulla magana da shafin a asirce, yadda ko mai shago ko kamfanin waya ba zai iya karanta lambar katinka ba. In ba ta kai ba, sai ta ja burki ta yi gargaɗi.

Wannan asirin shi ne ya dami masu yin antibairos, domin ba za su iya binciken abin da ba su gani ba. Dabarar da da yawansu suka fito da ita ita ce, manhajar ta zauna tsakanin burauza da shafi kamar mai gadin da ke buɗe kowace wasiƙa ya karanta, ya sake liƙewa, ya buga nasa hatimin. Don kada burauza ta yi gardama, sai manhajar ta cusa hatiminta cikin kundin kwamfutar tun ranar da aka saka ta. To, ranar da ta sabunta kanta ta sauya hatimi, idan sabon bai shiga kundi yadda ya kamata ba, sai burauza ta ga kowace wasiƙa ɗauke da hatimin da ba ta sani ba. Ba ƙarya ta yi ba da ta ce akwai wani a tsakani. Akwai shi kuwa, mai gadin gidan ne.

Kada a ɗauka wannan ciwo na 'yan ƙauye ne. A ƙarshen Janairun 2019, da kamfanin Mozilla ya fitar da Firefox ta 65, dole ta sa ya dakatar da rarraba ta ga masu Windows, saboda masu amfani da Avast da AVG sun wayi gari shafuka sun ƙi buɗuwa da irin wannan gargaɗi. Dalili kuwa, Firefox na da kundin hatimanta na kanta, daban da na Windows. Sai a Firefox ta 68, cikin Yulin wannan shekarar, aka koya mata ta leƙa kundin Windows da kanta idan ta ci karo da haka. Kafin nan ma, a 2017, masu bincike daga Jami'ar Michigan da Google da Mozilla da wasu wurare sun gwada irin waɗannan manhajoji, suka gano cewa da yawansu rage ƙarfin tsaron suke yi wajen sake liƙe wasiƙar, har hukumar tsaron intanet ta Amurka ta fitar da sanarwar jan kunne a watan Maris na shekarar. Wanda ke ganin sabunta manhajar tsaro ba ya taɓa zama fitina, sai ya tuna 19 ga Yulin 2024, ranar da sabuntawa guda ta kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma biro da takarda.

Abin da muka yi a shagon bai ɗauki minti ashirin ba. Mun duba agogon kwamfutar, daidai yake. Mun gwada shafuka huɗu daban-daban, duk gargaɗi ɗaya, wanda ya nuna laifin ba na shafin makarantar ba ne, a cikin gida yake. Sai muka buɗe takardar shaidar da burauza ta ƙi karɓa muka karanta sunan wanda ya sa mata hannu, sai ga sunan antibairos ɗin ɓaro-ɓaro. Muka kashe kwamfutar muka kunna, bai warke ba. Muka shiga saitin manhajar muka kashe sashe ɗaya tak, mai binciken shafukan https, muka bar sauran tsaron yana aiki. Nan take shafin ya buɗe da takardarsa ta asali. Dattijo ya biya, aka buga masa rasit, ya yi ta sa albarka kamar mun fito da shi daga rijiya. Da yamma yaron ya cire manhajar ya sake saka ta, hatimin ya zauna, ya mayar da sashen da muka kashe.

Da a nan labarin ya tsaya da ban ɗauki alƙalami ba. Kwana biyu bayan haka, a hanyata ta komawa Kano, na ratse Kabo gaishe da wani tsohon abokin karatu, na shiga wani shago in buga takarda. Ina tsaye na ga mai shagon ya buɗe shafi, gargaɗi iri ɗaya ya fito, ya danna ya wuce ko ƙifta ido bai yi ba. Na tambaye shi, ya ce, "Ai Malam, kullum haka take yi, ba komai." Na duba kusurwar allon, kwamfutar na cewa muna 2012. Ta hannu ce, irin waɗanda ake saye a Titin Beirut, ɗan batirin nan mai kamar kwabo da ke riƙe mata agogo ya mutu, da an ɗauke wuta sai ta koma shekarar da aka ƙera ta. Kowace takardar shaida tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, kwamfutar da ba ta san yau ba kuwa dole ta ƙi su duka. Maganin bai wuce sabon batiri ba.

Kwamfutarsa ta biyu ce ta tayar mini da hankali. Agogonta daidai, amma da muka karanta wanda ya sa hannu a takardar, wani suna ne da ba na antibairos ba, ba kuma na wani sanannen mai ba da shaida ba. Ya ce wani ne ya loda masa manhajoji kyauta daga filashi, har da antibairos da aka fasa wa makulli. A kan wannan kwamfutar ake shigar da lambar NIN ta ɗalibai da lambar katin iyayensu. Irin wannan ba tatsuniya ba ce: a 2015 an kama manhajar talla mai suna Superfish a cikin sababbin kwamfutocin Lenovo tana yin wannan shiga-tsakani, a 2019 kuma gwamnatin Kazakistan ta nemi 'yan ƙasarta su saka hatiminta don ta riƙa karanta abin da suke yi, har Mozilla da Google da Apple suka toshe shi.

Ga kwamfutoci uku, ga gargaɗi kusan ɗaya, ga sababi uku mabambanta. Biyu ba su da haɗari, ɗaya kuwa na iya kwashe kuɗin noman mutum na shekara. Hausawa sun ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. To amma da wane harshe kurciyar take kuka?

Nan ne fagena. Gargaɗin Chrome cewa yake yi, "Your connection is not private." Na tambayi masu shagunan biyu abin da suka fahimta. A Turancinmu na Nijeriya, kalmar nan ta ƙarshe makarantar kuɗi take nufi, ko asibitin kuɗi, ko motar gida wadda ba ta haya ba. Ɗayansu ya ce shi ya ɗauka ana gaya masa layin intanet ɗinsa na jama'a ne, ba nasa shi kaɗai ba, wanda kuwa gaskiya ne, to mene ne abin tsoro? Ma'anar sirri, wadda ita ce ake nufi, ko kusa ba ta zo masa ba. Kalmar da ke nufin takardar shaida kuwa, a kunnenmu satifiket ne na gama makaranta. Maɓallin da ke kai mutum ga ƙetare gargaɗin an rubuta masa "Advanced", wanda ɗalibinmu ya sani da ma'anar ci gaba. Wa zai ƙi ci gaba? Waɗannan yara sun ci jarrabawar Turanci, ba jahilai ba ne. Turancin allon ne ba nasu ba, na injiniyoyin Kalifoniya ne.

Adalci ya sa in faɗi cewa ko a can ma ba a tsira ba. Wani bincike da aka gabatar a 2013, wanda ya duba gargaɗi sama da miliyan 25, ya nuna cewa masu amfani da Chrome na lokacin sun ƙetare kashi 70 cikin 100 na irin wannan gargaɗi, masu Firefox kuma kashi 33. Abin lura shi ne, bayan haka Google ya zauna ya sake rubuta kalmomin da tsarin shafin. Wato su da kansu sun yarda magana ce ta zaɓen kalma. Mu kuwa wa ya zauna mana?

Wani zai ce ai fassara ba ta gyara kwamfuta, kuma duk mai son sana'ar intanet ya koyi Turancinta. Na yarda da rabin maganar. Amma tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta kacokan, tun 2021 ba a rajista sai da NIN, kuɗin makaranta da sakamakon jarrabawa da neman aiki duk sun koma intanet. Ba mu bar wa ɗan Getso ko Garo zaɓi ba. Mun tura shi shagon da kwamfutarsa ke kan Windows 7, wadda Microsoft ya daina kula da ita tun Janairun 2020, Chrome kuma ya tsaya mata a ta 109. Ita kanta Windows 10 an yaye ta a Oktoban 2025. Tsohuwar kwamfuta tsohon kundi gare ta, gargaɗin ƙarya zai yi ta ƙaruwa, kowane ɗaya kuma yana koya wa mai shago cewa ba komai.

Laifin har da namu, mu malaman harshe. Tun 1990 aka fitar da ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa ƙarƙashin Ɗalhatu Muhammad, a 2006 Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa, a 2013 Hausa ta shiga Google Translate. Mun iya ƙirƙirar kalma idan ta nahawu ce ko ta adabi. Amma mun sha taro kan ko a ce na'ura mai ƙwaƙwalwa ko kwamfuta, alhali jimlar da za ta hana a sace kuɗin dattijo ba mu rubuta ta ba. Ba na neman a jira kamfanonin waje. Sassan Hausa da na ilimin kwamfuta na jami'o'inmu, tare da babbar makarantar tarayya da ke nan Kabo, za su iya fitar da takarda shafi biyu cikin mako guda, hukumar NITDA ta buga, ƙananan hukumomi su raba wa masu shaguna. Aikin ɗalibin ajin ƙarshe ne, ba ya bukatar kwamiti.

Kafin in bar Kabo na karɓi bayan kwali na rubuta wa mai shagon da maka: idan wannan gargaɗi ya fito, ana nufin wataƙila wani na karanta abin da kake aikawa, duba agogo, duba wanda ya sa hannu a takarda, in ba ka san sunan ba, kada ka shigar da lambar kowa. Na ce ya kai kwamfuta ta biyun a goge ta a sake lodi, ya bar ta da tsaron da Windows ke zuwa da shi in ba zai sayi na gaskiya ba. Ya ce sai bayan rajista ta lafa, domin yanzu ne kasuwa. Ya dai yarda ya mayar da biyan kuɗi kan ta farkon, na ba shi kuɗin batiri, ya aiki yaro ya sayo.