Kada A Sayar Da Tarihi A Kan Sikeli

A Amurka, idan mutum ya gyara tsohuwar mota irin Ford Mustang, wadda aka fara ƙerawa a 1964, wani lokaci har ta fi sabuwar mota tsada. Masu hali kan yi rububinta a wajen gwanjo, domin suna ganin tarihin ƙasarsu ce.

To, mu fa? A nan Kakuri aka buɗe masana'antar Peugeot a 1975. Nan aka riƙa haɗa 504, motar da ta yi aikin gwamnati, ta yi haya, ta kai amare ɗakunansu. An daina haɗa ta, saboda haka kowace aka farfasa ba ta da madadi. Amma yau da ta tsufa sai a miƙa wa 'yan gwangwan su sare ta, su auna a kilo.

A ganina wannan asara ce. Iyayenmu, ku kai ta wajen makanike da mai fenti tukuna. In sayarwa ta zama dole, a nemi mai son riƙe ta, a nuna masa takardu, a faɗa masa duk abin da aka canja, ko inji ko giya. Da tsohuwar zuma ake magani.