Tsarin rabon teku: Ina makomar tashar tsandauri ta Heipang?

Ɗan kasuwar unguwar Gangare a Jos ba ya ganin teku, amma duk kwantenar da ta makale a Apapa, a aljihunsa take ƙarewa. Shi ya sa batun tsara amfani da teku ya shafe shi kai tsaye.

Tsarin yana nufin gwamnati ta shata wa kowa iyakarsa a cikin ruwa: hanyar jiragen dakon kaya, wuraren kamun kifi, rijiyoyin mai da bututunsu, da yankunan da za a killace domin halittun ruwa. A gaɓar tekun Najeriya mai tsawon kimanin kilomita 850, wannan aiki na Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa ne, wadda Shugaba Bola Tinubu ya kafa a 2023.

Sai dai tashar jiragen ruwa ba a bakin ruwa take ƙarewa ba. Ko da an yashe mashigi, an kuma buɗe tasha mai zurfi irin ta Lekki, kayan da ba su da hanyar fita zuwa cikin ƙasa jibgewa za su yi.

Jos ta san haka tun zamanin kuza. A 1927 layin dogo daga Fatakwal ya iso garin, ya haɗa ma'adinan Filato da teku. Yau babu jirgin kayan da ke bin wannan layi zuwa Jos, duk da ƙaddamar da aikin gyaransa a 2021, don haka komai a tirela yake tafiya.

A 2006 Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa tashoshin tsandauri shida, ciki har da ta Heipang a Ƙaramar Hukumar Barikin Ladi, kusa da filin jirgin sama na Yakubu Gowon. Manufar ita ce kwastam su duba kaya a nan, ɗan kasuwa ya huta da zaryar Legas da kuɗin jinkiri. An buɗe ta Dala a Kano a 2023, ta Funtuwa a 2024, amma Heipang na nan tana jira.

Ko an buɗe ta gobe, matuƙar babu jirgin ƙasa, kwantenar ɗan Gangare da amfanin gonar manomin Bokkos za su ci gaba da biyan kuɗin tirela.