Rani Ba Uzuri Ba Ne Ga Suɗaɗɗiyar Taya

Samarin Gwarzo da Kabo, musamman ku masu mashina masu gudu, da ku nake. Akwai maganar da ta kama bakinku, daga tashar Gwarzo har majalisun Garo da Getso, wai taya mai zane ta damina ce, da rani kuwa ko ta suɗe ba komai tunda kwalta a bushe take. Wannan magana ƙarya ce, kuma tana kai mutane asibiti.

Da talauci ne ya hana ku sayen taya, da na sassauta murya. To ba shi ba ne. Yaro zai canja salansa don mashin ya riƙa ƙara, ya jera fitilu masu launi, ya liƙa sitika gaba da baya, ya ɗinka wa kujera sabuwar riga, amma tayar baya har zare ya fara leƙowa. A ce masa ya canja, sai ya ce a bari damina ta kawo jiki. Ƙanena, abin da ke taɓa ƙasa a kowace tayarka bai wuce tafin hannu ba. Birkinka da kwanarka da gudun da kake taƙama da shi, duk a kan wannan ɗan wurin suka dogara. Ka kashe kuɗi a kan abin da mutane za su gani, ka bar abin da ke riƙe da ranka.

Na san inda kuka samo hujjarku. Kuna kallon tseren MotoGP a waya, kuna ganin tayoyin 'yan tseren sumul ba zane ko ɗaya, sai kuka ɗauka tayarku da ta suɗe ta zama irin tasu. Ba ta zama ba. Tasu haka aka ƙera ta tun daga masana'anta, da roba mai taushi mai kauri wadda ke kama kwalta idan ta yi zafi. Kafin a fita da ita sai an lulluɓe ta da bargon lantarki ya ɗumama ta zuwa digiri 80 ko fiye. Tseren ba ya cika awa ɗaya, kuma da an gama an gama da tayar, ba a sake komawa da ita wani tseren. Filin a share yake, babu rairayi, babu rami, babu akuya. Mahayin yana sanye da rigar fata da hular kwano, likitoci na tsaye a gefe. Taka kuwa ragowar roba ce da rana ta gasa shekara da shekaru har ta ƙandare, naman ya cinye, saura ɓawo. Ƙandararriyar roba ba ta kama kwalta, ko a jiƙe ko a bushe, zamewa take yi.

Sannan wane ne ya gaya muku ranin ƙasarmu mai sauƙi ne ga taya? Hanyar da ta taso daga Kabuga ta bi ta Rimin Gado, ta ratsa ƙasar Kabo zuwa Gwarzo, ta wuce Dayi a jihar Katsina, duk wanda ke bin ta ya san iskar hunturu tana shimfiɗa rairayi a gefen titi da kan kwana da duk inda hanyar burji ta haɗu da kwalta. Da kaka ga shanyar hatsi da barkono a bakin titi. Ranar kasuwar Getso ga shanu da tumaki suna tsallakawa ba sallama. Da ka sauka daga kwalta za ka shiga Lakwaya ko Kutama ko Durun, ƙasa ce da tsakuwa da ƙaya, inda zanen taya ke aiki ko ba a ga ɗigon ruwa ba, inda kuma kaurin roba ne ke hana ƙusa kaiwa ga tiyub. A watan Maris da Afrilu zafi yana haura digiri 40, kwalta kuma ta fi iskar zafi nesa ba kusa ba. Tayar da ta yi siriri, ga lodi, ga gudu, ga wannan zafin, fashewa take yi ba tare da ta yi maka gargaɗi ba. A ranar 6 ga Maris, 2016, ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi da matarsa da ɗansa suka rasu a hanyar Kaduna zuwa Abuja bayan tayar motarsu ta fashe. Tsakiyar rani ne, kuma mota ce mai ƙafa huɗu. Kai biyu gare ka, babu ƙarfe ko gilashi tsakaninka da titi.

Wani abin takaicin shi ne, bayanin da kuke buƙata a rubuce yake a jikin tayar, ba ku dubawa. Akwai lamba huɗu a gefenta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana jan kunne cewa kada a yi amfani da tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa. Roba tana tsufa ko ba a taɓa hawa kanta ba, balle wadda aka jibge a ƙofar shago rana na dukanta. Akwai kuma ɗan tudu a cikin ramin zanen. Ranar da ya yi daidai da saman taya, ta gama aiki. Akwai harafin da ke nuna iyakar gudun da za ta iya ɗauka: J kilomita 100 a awa, L 120, P 150. Wanda ya sayi mashin mai gudu ya ɗaura masa taya mai J don ta fi araha, sannan ya murɗe totur a miƙaƙƙiyar hanya, shi ya jawo wa kansa.

Masu son a ga tayar baya ta yi faɗi kamar ta fim, suna cusa babbar taya a kan siririn rim, su ma su ji. Girman da kamfani ya rubuta ba ado ba ne. Boxer da ke cike da garuruwanmu 2.75 take ɗauka a gaba, 3.00 a baya, a kan rim 17. Tayar da ta fi ƙarfin rim tana lanƙwashewa ba yadda aka tsara ta ba, sai mashin ya ƙi bin kwana. Haka tayar da tsakiyarta ta baje saboda doguwar tafiya: kana karkatowa sai ka ji mashin yana gardama, daga nan ya faɗa kwanar gaba ɗaya. Tayar gaba kuwa, wadda kuka fi mantawa da ita don ba ta saurin suɗewa, ita ke ɗaukar mafi yawan nauyin birki. Idan ta baya ta zame wataƙila ka gyara. Idan ta gaba ta zame, sai dai a ɗauke ka.

Masu sayar da taya, ku ji tsoron Allah. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta a Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi baya a Legas a 2008, kasuwa ta dogara da na waje, mai kyau da marar kyau. Dokar kwastan ta hana shigo da tayoyin da aka yi amfani da su, amma har yau ana goge tsohuwar taya da mai ta yi sheƙi a miƙa wa yaron da bai san lamba ba. Wanda ya sayar da ita yana sane, yana da hannu a duk abin da ya biyo baya. Masu faci kuma, ku daina auna iska da babban yatsa ko ƙwanƙwasa da sifana. Geji ba tsada gare shi ba. Iska ta yi kaɗan, taya ta riƙa murɗewa tana tara zafi. Ta yi yawa, abin da ke taɓa ƙasa ya ragu. A auna ta da safe kafin taya ta ɗauki zafi. Tiyub mai faci a kan faci kuma a gaya wa mai shi gaskiya ya sayi sabo.

Laifi mafi girma yana kan manya. Tun da aka hana acaɓa a cikin birnin Kano a watan Janairun 2013, garuruwa irin namu ne babur ke ci gaba da ɗaukar kowa: mai ciki zuwa awo, 'yan makaranta uku a jere, tsoho da buhunsa. Alhaji, ka ba yaro mashin yana kawo maka balas kullum, ka san kuɗin mai, ka san ranar juye, amma ba ka taɓa sunkuyawa ka dubi taya ba. Baba, ka saya wa ɗanka mashin, kana jin ƙararsa a ɗaukar amarya yana tashi da tayar gaba, ka yi shiru. In ya faɗi sai a ce tsautsayi. Tsautsayi gaskiya ne, amma sakaci sunansa sakaci, kuma kuɗin taya biyu bai kai abin da za a kashe daga Babban Asibitin Gwarzo zuwa Asibitin Ƙashi na Dala ba, balle ƙafar da ba za ta koma daidai ba.

Shugabannin 'yan acaɓa na Gwarzo da Kabo, kuna da ikon hana mutum layi idan bai biya kuɗin tikiti ba. Ku yi amfani da wannan ikon a kan taya: duk mashin da tayarsa ta suɗe, ko lambarta ta nuna ta wuce shekara huɗu, kada ya ɗauki fasinja a tasharku sai ya canja.