Zancen Sana'a: A Gwada Kafin a Ɗaga

 Wannan wata za mu yi magana da iyayen da suka ba da 'ya'yansu koyon kanikanci, da kuma masu gareji na cikinmu.

Tun da hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙaura Namoda a 1929, garin ya zama mahaɗar kaya. Daga baya motoci suka karɓi yawancin aikin, suna bin hanyar Shinkafi da ta Zurmi. Inda mota take kuwa, dole a sauke inji wata rana. Abin da kanikawanmu suke ɗaga shi da shi, shi ne cen-bulok, wato sarƙa mai ƙugiya da ake ratayawa a kan ƙarfe mai ƙafa uku, wani lokaci ma a reshen itace.

A jikin kowane cen-bulok akwai lamba, tan 1 ko tan 2. Wannan lamba alkawarin maƙerinsa ce, muddin abin yana yadda ya ƙera shi. Ran da muka kai shi wurin mai walda aka ƙara wa hannun ƙarfen tsawo, ko aka sāke ƙugiya, alkawarin nan ya tashi. Hannun da aka ninka tsawonsa, rabin nauyin dā kaɗai zai iya ɗauka. Sarƙar ɗaga kaya kuma da wuta aka ƙarfafa ta a masana'anta, zafin walda yakan ɓata wannan ƙarfi. Saboda haka sarƙar da ta tsinke ba a liƙa ta, ba a haɗa ta da ƙusa. A yar da ita.

To, yaya za mu san abin da aka gyara zai riƙe? Sai da gwaji. Ƙa'idar da injiniyoyin Amurka suke bi ita ce a gwada da cikakken nauyin, a ƙara kashi ɗaya cikin huɗu. In muna so ya ɗauki tan 1, sai a gwada da kilo 1,250, wato buhun siminti 25. A fara da kaɗan, ana ƙarawa. Kada a ɗaga kayan ya wuce taƙi ɗaya daga ƙasa, kowa kuma ya ja da baya. A bar shi kamar minti 10. In kayan yana zamewa, birkin ya lalace. A auna bakin ƙugiya kafin gwaji da bayansa. In ya buɗe, ta gama aiki. A duba wurin walda ko ya tsage. In ya ci gwaji, a rubuta tan 1 da fenti a jikinsa, ba 1,250 ba.

Ko bayan gwaji, kada yaro ya shiga ƙarƙashin inji yana reto, ko ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya riƙe. A tokare da katako mai kauri tukuna.

A Maimaitawar Shari'a 22:8 an umarci mai sabon gida ya kewaye rufinsa, don kada alhakin jinin wanda ya faɗo ya hau kansa. Haka yake ga mai gareji. Yaron nan amana ne. Iyaye kuma, in mun je gaishe da maigidan ɗanmu, ba rashin kunya ba ne mu tambaya, "Maigida, yaushe aka gwada sarƙan nan?"

Allah ya tsare mu. Sai wata mai zuwa.