WA KE YANKE HARSUNAN SHANU A AMURKA?

Akwai wani al'amari da ya daɗe yana damun masu shanu a yammacin Amurka, wanda ya kamata kowane mai dabba ya ji labarinsa. Mutum zai bar saniyarsa lafiya lau a wurin kiwo, bayan 'yan kwanaki ya komo ya tarar ta mutu. Mutuwar dabba kowa ya saba da ita. Abin da ke firgita su shi ne kamannin mushen: ba harshe, ba ido ɗaya, an kwashe leɓe har haƙora sun fito, an cire hantsa, an ƙwaƙule dubura sai ka ce da aska. Ga shi kuwa ba jini a ƙasa, ba sawun kowa.

Sai mai karatu ya riƙe abu guda tun daga nan. Kiwo a can ba irin na bin garke da sanda ba ne. Filaye ne manya-manya da aka kewaye da waya, a saki shanu ciki suna yawonsu, mai su yakan yi kwanaki bai sa wata saniya a ido ba. Watau kusan kullum a makare yake isa wurin mushe.

Yadda maganar ta tashi

Ran 9 ga Satumba, 1967, aka tsinci wata goɗiya matacciya kusa da garin Alamosa, cikin jihar Kolorado, kwana biyu bayan ɓacewarta. Kai da wuya duk ba nama, sai ƙashi fari. Jaridu suka baza labarin ko'ina a duniya. Cikin 1973 da 1974 sai rahotanni suka yi ta fitowa daga jihohin Kansas da Nebraska da Minnesota. A 1975 Sanata Floyd Haskell ya nemi taimakon hukumar 'yan sandan ciki ta ƙasa, watau FBI, ya ce a Kolorado kaɗai an ƙidaya irin wannan mushe har 130. Masu shanu suka shiga kwana da bindiga. Har ta kai a Nebraska aka umurci matuƙan jiragen soja masu saukar ungulu su riƙa tashi can sama, gudun kada a harbo su.

To, wa ke wannan aiki? Bakin mutane ya kasu huɗu.

Na farko suka ce wasu halittu ne daga wata duniya, masu zuwa cikin jirage masu kama da faifai, suna ɗibar naman don bincike. Wannan magana ita ta fi sayar da jarida, amma har yau ba wanda ya kawo shaidar da za a taɓa da hannu.

Na biyu suka ce matsafa ne, masu neman jini da harshe don tsafinsu. A 1975 wani jami'in gwamnati ya ɓata watanni yana bin wannan zare, bisa ga labarin da wasu fursunoni suka ba shi. Ƙarshenta aka gane mutanen nan so suke a sauya musu kurkuku, shi ya sa suka shirya tatsuniya. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Na uku suka ce gwamnatinsu ce da kanta ke aiko da jirage da dare, tana yankar sassan shanu don ta auna gubar da ta watsa a ƙasa. Kada a yi saurin yi wa waɗannan dariya. Cikin Disamba, 1967, gwamnati ta fasa bam na nukiliya a ƙarƙashin ƙasa a arewacin jihar New Mexico, ba nisa da garin Dulce inda daga baya aka yi ta samun irin mushen nan. Cikin Maris, 1968, tumaki fiye da 6,000 suka mutu a jihar Utah, kusa da wurin da soja ke gwada iskar guba, soja suka biya diyya amma ba su amsa laifi ba. Har wa yau a 1973 Shugaba Nixon ya ƙayyade kuɗin nama, shekara ta zagayo farashin shanu ya faɗi, abincin dabbobi ya yi tsada, masu shanu da yawa suka karye. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Amma fa duk da haka maganar ba ta zauna ba. Gwamnatin da ke son hantar saniya ko harshenta, me zai hana ta aika mahauta ta saya da rana tsaka, har sai ta ta da jirgi da tsakar dare ta bar mushe a fili kowa ya gani?

Na huɗu su ne likitocin dabbobi. Suka ce ciwo ne ko tsawa ko mugun ganye ke kashe dabbar, sauran aikin kuwa na tsuntsaye ne da namun daji da ƙudaje.

Da aka zauna aka kalla

Gani ya kori ji. A 1979 shugaban 'yan sandan gundumar Washington, cikin jihar Arkansas, ya yi dabarar da ta fi kowace sauƙi. Ya sa aka ajiye sabon mushe a fili, 'yan sandansa suka ɓuya suna gadinsa dare da rana wajen kwana biyu. Suna kallo ciki ya kumbura, fata ta tsage a miƙe kamar an ja wuƙa. Ƙudaje suka yi ƙwai a bakin tsagar, tsutsotsi suka share ta sumul. Tsuntsaye da ƙananan namun daji suka cinye sassa masu laushi. Da aka gama, mushen bai bambanta da waɗanda ake ta kuka a kansu ba.

A wannan shekara kuma Sanata Harrison Schmitt, wanda ya taka wata a 1972, ya kira babban taro a Albuquerque a kan maganar. Bayan taron aka ɗora binciken a kan Kenneth Rommel, tsohon ma'aikacin FBI, aka ba shi wajen dala 44,000. Ya shekara yana bin mushe a New Mexico, a 1980 ya fitar da rahoto mai shafi 297. Cikin duk waɗanda ya je ya duba da idonsa, bai sami ko ɗaya da ya fi ƙarfin aikin namun daji da tsuntsaye ba.

Ba Amurka kaɗai abin ya tsaya ba. A 2002 irin wannan tsoro ya faɗa wa masu shanu a Ajantina, musamman lardin La Pampa. Hukumar lafiyar dabbobi ta ƙasar ta sa masana suka bincika, suka ce ciwo da yunwar lokacin sanyi ne suka kashe shanun, sa'an nan dila da tsuntsaye da wani ɓera mai dogon baki suka ci wuraren da aka ga an yanke. A tsibirin Puerto Rico kuwa, a 1995, aka ce wani dodo ne ke tsotse jinin awaki. Gawawwakin da aka riƙa nunawa daga baya a jihar Texas da sunan dodon, da aka auna sai aka tarar karnuka ne da dilolin can waɗanda ƙazuwa ta cinye musu gashi.

Dalilin kuwa a fili yake. Fatar saniya kauri gare ta, ƙaramin bakin tsuntsu ko na dila ba ya iya huda ta. Tilas ya nemi ƙofa: ido, baki, hantsa, dubura. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli ungulu a kan mushe ya san inda take fara sa baki. Jini kuma zuciya ke tura shi. Kadan zuciya ta tsaya, sai ya gangara ya kwanta a gefen da ke ƙasa ya daskare, ko an yanki mushen ba zai zuba ba. Bakin ciwo kuwa in rana ta busar da shi, yakan ɗaure ya yi santsi, alamar haƙori ta ɓace. Sawun tsuntsu da na ƙuda a kan busasshiyar ciyawa, wa zai gan shi?

Abin da ya saura

Wannan bai nuna cewa an warware kowane ɗaya ba. A 2019 an sami bijimai 5 matattu a wani babban wurin kiwo cikin jihar Oregon, ba harshe ba al'aura, aka sa ladan dala 25,000 ga wanda ya tona asiri, ba a kama kowa ba. Mugayen mutane masu yi wa dabba ɓarna don ƙeta ko gaba suna nan ko'ina. Amma rashin sanin wanda ya yi abu ba shaida ba ce cewa daga sama ya sauko. Mushen da ya kwana uku cikin rana, ko gwanin likita ba safai yake gane abin da ya kashe shi ba.

Kuskuren da aka yi ta yi shi ne haɗa tambaya biyu wuri ɗaya. Me ya kashe dabbar? Wannan ɗaya. Me ya ci ta bayan ta mutu? Wannan dabam. Ido yakan tsaya a kan ta biyun don ita ce mai ban tsoro, alhali kuwa dukiyar mai garke tana rataye a kan ta farkon. Kadan saifa ce ko harbin daji ya kashe saniya, mai ita ya tsaya yana neman matsafa, ciwon yana nan cikin ƙasa yana jiran sauran garken.

Hasara ta biyu ta fi wannan muni, watau zargin wanda bai ji ba bai gani ba. A 1903 aka yi ta farke cikin dawaki da shanu da dare a ƙauyen Great Wyrley, cikin Ingila. Wannan kam hannun mutum ne, don dabbobin da ransu aka yanke su. Sai zato ya faɗa kan wani saurayin lauya, George Edalji, wanda ubansa mutumin Indiya ne, baƙo a idon 'yan garin. Aka ɗaure shi shekara 7, ko da yake yana tsare ma ba a daina yankan ba. Ya yi shekara 3 a kurkuku kafin a sake shi, sai da marubucin nan Arthur Conan Doyle ya tsaya masa, a 1907 aka yafe masa laifin da bai yi ba, ko kwabo ba a ba shi diyya ba. Inda duk aka rasa amsa, baƙo da maƙwabcin da ake gaba da shi su ke fara shan zargi.

Saboda haka ga shawara ga wanda ya wayi gari ya tarar da dabbarsa a mace haka. Kada ya taɓa ta da hannu, kada ya feɗe, kada ya bari a ɗebi naman ko fatar. Ya duba hanci da baki da dubura: in baƙin jini na tsiyaya, bai daskare ba, ciki ya kumbura da wuri, to, alamar saifa ke nan, ciwon da ke kama mutum ma. Ya duba bakin yankan: wanda aka yi dabba na da rai yakan yi jini da kumburi, na bayan mutuwa kuwa a bushe yake fari. Ya kewaya ya nemi kashin tsuntsu da gashin dila, ya tuna ko an yi tsawa cikin daren. Ya rufe mushen da ƙaya, ya janye sauran garken daga wurin, ya aika wa malamin dabbobi tun ranar, ba sai gobe ba. In an tabbatar ciwo ne, a ƙone mushen ko a binne shi cikin rami mai zurfi, a yi wa na raye allura. In kuwa likita ya ga hannun mutum, sa'an nan a kai ƙara inda ya kamata, da shaida a hannu.

Masu shanun Amurka sun ɓad da kuɗi da barci shekara da shekaru suna ɗaga kai sama, amsar mafi yawan tambayarsu kuwa tana nan ƙasa, cikin ciyawa kusa da mushen. Mai dabba ya riƙa zaga garkensa safe da yamma. Wanda ya riga ungulu isa, shi ke sanin abin da ya kashe saniyarsa.