Hawan Dutse Cikin Ƙanƙara Ba Hauka Ba Ne

A jihar Kolorado ta Amurka akwai wani gandun duwatsu mai suna Rocky Mountain, wanda gwamnati ta keɓe tun 1915. Da hunturu ƙanƙara kan rufe hanyoyinsa, amma mutane ba sa fasa hawa don ganin tafkunan da ke can bisa. Sukan tashi daga tafkin Bear, wanda ke kimanin ƙafa 9,450 bisa teku, su wuce Nymph da Dream, su isa Emerald, tafiyar da ba ta cika mil 2 ba.

Wasu abokaina sun ce wannan hauka ne. Ni dai ban yarda ba. Masu hawan sukan ɗaura wani faffaɗan takalmi mai rarraba nauyin jiki, kamar yadda tafin raƙumi ke hana shi nutsewa cikin yashi. 'Yan asalin Amurka ta Arewa sun daɗe suna yin sa da itace da ƙirgi. Ashe dabara ce ta kaka da kakanni.

Haɗari kam akwai shi. Ƙanƙara kan zamo daga gangare ta binne mutum. Ruwan tafkin da ya daskare yakan fashe a inda bai yi kauri ba. Ƙarancin iska a bisa kuma yakan sa ciwon kai da haki.

Saboda haka, ya 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, a ganina mahaukaci shi ne wanda ya hau shi kaɗai, bai tambayi masu gadin gandun ba, bai kuma gaya wa kowa inda za shi ba.