Bargon ƙyallaye: zubi mai sauƙi shi ke da riba



Duk wanda ya ratsa layin teloli a kasuwar Madawa ko ta Tamaske ana saura ƴan kwanaki salla ya ga abin da ke ƙarƙashin keken ɗinki: tulin ƙyallayen atamfa da shadda, waɗanda yaron shago zai share da safe ya kai juji ko ya cinna musu wuta. Da kuɗi fa aka sayo wannan tufa. To in ɗari ya sauko a watan Disamba, iska ta fara kaɗowa ta kan duwatsun Adar, matan da suka biya kuɗin atamfar su ne dai za su sake kwance bakin zane su sayi bargon roba na ƙasar Sin.

Shi ya sa muka ji daɗi da muka ga wasu mata sun fara harhaɗa ƙyallayen nan suna yin bargo da shimfiɗar gado. Sai dai akwai inda muke ganin ana kuskure. Wata baiwar Allah daga wani ƙauye kusa da Buza ta kira mu a cikin shirinmu na radiyo, ranta a ɓace. Ɗiyarta ce ta nuna mata hoton wani bargo mai taurari a wayar salula, ta ce sai ta yi irinsa. Ta bar rumfarta kasuwa uku, ta yanka, ta ɗinka, ta warware, ƙarshe kusurwoyi suka ƙi haɗuwa, abin ya tattare kamar fatar da ta sha rana. Ba ta sayar ba, ba ta lulluɓa ba.

Hajiya, ba hannunki ne da laifi ba, zaɓin zubin ne. Bari mu yi lissafi irin na kasuwa. Bargon mutum ɗaya mai faɗin santimita 140 da tsawon mita 2, in aka yi shi da ƙyalle mai kusurwa huɗu na santimita 20, guda 70 yake ci: 7 a kwance, 10 a tsaye. In aka ce kowane gida sai an raba shi ƙananan ƙyallaye takwas masu kusurwa uku don a fitar da tauraro, an koma guda 560. Ga yanka, ga ɗinki, ga zare. Kuma ƙyallen da aka yanka a karkace miƙewa yake yi a ƙarƙashin allura, abin da ya sa na Hajiya ya tattare ke nan. Mai saye a kasuwar Tunfafi ba zai ninka miki kuɗi sau takwas ba don kin sha wahala sau takwas. Ɗumi yake nema, da abin da zai yi kyau a kan gado.

Abin mamaki, mu mutanen wannan yanki bai kamata a koya mana wannan ba. Tabarmar Madawa da aka sani a duk faɗin Nijar, ai layi-layi ake saƙa kabar sannan a haɗa. Haka masaƙan da suka yi gwado da luru da zaren kaɗa, irin wadda aka noma a kwarin Majiya: ƙwarya-ƙwarya suke saƙawa, a jera, a ɗinke. Matar da ta san inda za ta sa jan kaba da inda za ta bar fara ta riga ta san rabin aikin.

Ga yadda muke ganin ya dace. A wanke ƙyallayen tukuna a goge, don mai zuba ya zuba, mai tsukewa ya tsuke tun ba a ɗinka ba. Kada a gama shadda mai nauyi da yadi shara-shara, mai ƙarfin zai yaga marar ƙarfin a wanki na uku. A yanki kwali mai santimita 22 a kowane gefe a riƙa aunawa da shi, santimita 1 na kowane gefe na ɗinki ne.

Sai babban aikin, wanda gaggawa ke sa a tsallake. Kafin allura ta taɓa ko ɗaya, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida a jera duka 70 ɗin. A raba su kashi biyu kawai, masu duhu da masu haske, a riƙa sa wannan kusa da wancan. Kada a damu da furen da ke jikin atamfa, daga nesa ido duhu da haske yake fara gani. A ja da baya taku biyar a duba. Za a ga ja ya taru a gefe guda, ko zane iri ɗaya ya yi maƙwabtaka da ɗan'uwansa. A ɗauke a sauya. Wanda ya fi yawa a watsa shi ko'ina, wanda ya fi kyau kuma bai da yawa a kai shi tsakiya. A nan wayar salula ke da amfani: a ɗauki hoton jerin, don in yara ko akuya suka bi ta kai a san yadda yake. Daga nan a tattara layi-layi, a sa lamba da alli, a ɗinka kowane layi, a haɗa layukan. Tsohon zane ko tsohon bargo a tsakiya, shafi a baya, a ɗaure da zare duk bayan taƙi ɗaya don kada cikin ya dunƙule.

Mun san abin da wasu za su ce: wannan ai tsumma ne, kayan marar hali. A Senegal mabiya Bay Fal da tufar faci-faci suke alfahari. A Amurka, barguna irin waɗannan da matan wani ƙauyen baƙar fata mai suna Gee's Bend suka ɗinka da tsofaffin tufafi an baje su a manyan gidajen tarihi a 2002, a 2006 kuma aka buga hotonsu a kan tamburan gidan waya. Yawancinsu layi ne da kusurwa huɗu.

Ba mu ce bargon ƙyallaye zai kori na Sin daga kasuwa ba, wancan yana da laushi da ɗumi. Amma ƴan kasuwa ba su manta da yadda kaya suka yi wuya ba lokacin da aka rufe iyakar Najeriya a 2019, da kuma a 2023. Ƙyalle kuwa a bayan rumfarku yake. Kuma a ɗakin da ake kwana da kaskon wuta, tartsatsi na narkar da bargon roba nan take.

Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a Maradi a 1991 suka bazu har Buza da Keita, suna iya ɗaukar abin: a yi magana da tela biyu ko uku, a ajiye musu buhu, a daidaita kan farashi tun kafin cunkoson salla. In aka bari sai ɗari ya shigo, an riga an ƙone ƙyallayen.